Ku San Jininku Kafin Zuciya Ta Yi Nisa

'Ya'yana, akwai wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba, wadda a zamanin nan take wargaza auren da aka riga aka sa wa rana. Haruffa biyu ne kacal a jikinta: AA, ko AS, ko AC, ko SS. Na daɗe ina ganin samari da 'yan mata suna karɓarta, wasu da murmushi, wasu hannu na rawa, kuma abin da ya fi damuna shi ne da yawansu ba su san abin da haruffan suke faɗa ba. Mai AA ya fito yana ganin jininsa ya fi na kowa kyau. Mai AS ta koma gida ta kwana kuka, a tunaninta an gano mata cuta. Duk su biyun sun yi wa takardar gurguwar fahimta. Rashin sani ya fi dare duhu, don haka nake son ku ba ni aron hankalinku mu faro zancen daga tushe.

Masana ilimin halittu suna da wani abu da suke kira polimofizim. Abin nufi shi ne a samu siffa biyu ko fiye na abu guda a cikin jinsi guda, a wuri guda, a zamani guda, kuma kowace siffa tana da masu ita da yawa, har ba za a ce tsautsayi ne ya kawo ta ba. Wani masani a Jami'ar Oxford ta Ingila mai suna E. B. Ford shi ya tsara wannan ma'ana a 1940. Daga baya masu binciken gado suka saba da wani ma'auni: in sauyin da ke cikin ƙwayar gado ya kai aƙalla kashi 1 cikin 100 a al'umma, to ya fita daga sahun baƙon abu, ya zama ɗaya daga cikin siffofin da jama'ar suke ɗauke da su. Ku lura da kyau, a cikin ma'anar nan babu maganar cuta, babu maganar aibi. Bambanci ne kawai da aka gada.

Jikin kowannenmu yana ɗauke da saƙon gado da ake kira DNA, mai haruffa wajen biliyan 3, kuma kwafi biyu kowa yake da shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In aka ɗauko mutum biyu da ba su haɗa dangi ba aka jera nasu, za a ga sun saɓa a kusan harafi ɗaya cikin kowane dubu. Wato tsakaninka da abokinka akwai miliyoyin wuraren da kuka bambanta. Mafi yawansu ba sa komai, har mutum ya koma ga Mahaliccinsa bai san da su ba. Wasu su ne suke sa wani dogo wani gajere, wani magani ya karɓe shi wani bai karɓe shi ba. Kaɗan ne daga ciki suke da nauyin da ya kamata a san su kafin aure, kafin haihuwa, ko kafin a sha wani magani. A kan waɗannan 'yan kaɗan nake son mu tsaya.

Amma kafin nan bari in ba ku labarin wani ƙwaro a Ingila, dangin malam-buɗe-littafi ne mai fitowa da dare. Asalinsa fari ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, yana kwana a jikin bishiyoyi masu hasken ɓawo, tsuntsu ya wuce bai gan shi ba. A 1848 aka fara ganin baƙinsa a birnin Manchester. Lokacin masana'antu sun cika garin da hayaƙin gawayi, bishiyoyi sun yi baƙi ƙirin, sai farin ya zama shi ake hangowa daga nesa, baƙin kuwa ya saje. Kafin ƙarnin ya ƙare, kusan duk wanda aka kama a yankin baƙi ne. Da aka yi dokar tsabtace iska a 1956 hayaƙi ya ragu, sai abin ya juya, farin ya dawo, baƙin ya yi wuyar gani. To wanne ne mai kyau a cikinsu, wanne ne mai aibi? Ya danganta da bishiyar da aka kwana a kai. Ku riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin fahimtar sikila.

A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai wani sinadari mai suna himoglobin, shi yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Ƙwayar gadon da take tsara wani sashe nasa tana kan kuromosom na 11. Harafi ɗaya tak ne ya sauya a cikinta aka samu nau'in da ake kira S, maimakon A da aka saba da shi. Sashen yana da tubala 146 a jere, na shida ne kaɗai ya bambanta. Amma in oksijin ya yi ƙasa, wannan nau'in sai ya daskare ya yi tsinke-tsinke, ƙwayar jinin da ta saba zama kewayayya mai laushi ta lanƙwashe ta yi siffar lauje. Sai ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa, ciwo ya tashi. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki, mai siffar lauje kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jinin mai sikila kullum a ƙasa yake. Wani likita a Chicago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana waɗannan ƙwayoyi a rubuce a 1910, bayan ya gan su a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa matsalar a jikin himoglobin ɗin take, sannan Vernon Ingram ya gano ainihin tubalin da ya sauya a shekarun 1950. Mu kuwa tun kafin duk wannan kakanninmu sun san ciwon, sun ba shi suna amosanin jini.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: abin da yake kashe yara tun suna ƙanana, me ya hana shi ƙarewa? Ya aka yi ya yawaita har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yake ɗauke da shi? Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, shi ya kawo amsar a 1954. Ya lura cewa a Gabashin Afirka duk inda sauro ya yi yawa, nan masu ɗauke da S suke da yawa, kuma yaran da suka gaji S ɗaya da A ɗaya sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa AS yana rage haɗarin mummunan zazzaɓi, irin mai taɓa ƙwaƙwalwa ko ya shanye jini, da kusan kashi 90 cikin 100.

'Yata mai AS, ki sake karanta wannan. Harafin da kike kuka a kansa shi ne garkuwar da ta tsare kakanninki a damunan da babu gidan sauro, babu asibiti, babu allura. Yaran da suka tsira suka girma suka haihu, har aka zo kanki. Ba ki da cuta. Za ki yi karatunki, ki yi aikinki, ki haihu, ki tsufa in Allah ya ba da rai. Sai dai kada ki ce tunda haka ne kin fi ƙarfin sauro. Mai AS ma yana yin zazzaɓi, sauƙi ne aka yi masa, don haka ki shiga gidan sauronki. Kai kuma ɗana mai AA, ka gode wa Allah, amma ka sani babu abin taƙama a ciki. Ba kai ka zaɓa ba, kuma a gaban sauro kai ne ba ka da garkuwa.

Inda nauyin yake shi ne in mai AS ya auri mai AS. A nan ne nake jin lissafin da yake jefa mutane cikin wahala. Sai ka ji saurayi ya ce ai an ce ɗaya cikin huɗu ne, to za mu haifi uku mu tsaya. Wata ta ce ai ɗan fari ba ya ɗauka. Ba haka abin yake ba. Ku ɗauka akwai ƙwarya biyu, ta miji da ta mata, kowace da wake biyu a ciki, fari da ja. Duk cikin da za a ɗauka, ido rufe ake sa hannu a zaro ɗaya daga nan, ɗaya daga can, sannan a mayar da su a girgiza kafin ciki na gaba. Fari da fari AA ke nan, fari da ja AS, ja da ja SS, wato sikila. Ƙwaryar ba ta tuna abin da ya fito bara. Kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Shi ya sa za ka ga gida mai 'ya'ya shida babu mai sikila ko ɗaya, ka ga wani gidan uku a jere duk suna da ita. Wanda ya kafa hujja da gidan farko, ya je ya gaida gida na biyu.

Na sha ganin yadda daren irin wannan gida yake kasancewa. Sanyin hunturu ya sauka, ko an sha dukan ruwan sama da rana, tsakar dare yaro ya farka da ihu yana riƙe da ƙafa. Ba rauni, ba kumburin da za a nuna, amma ko zane ya taɓa wurin sai ya ƙara ƙara. Uwa ta ɗora ruwan zafi tana gasa masa, tana shafa man zafi, tana karanto duk addu'ar da ta sani. Uba yana waje yana buga ƙofar mai Keke Napep. A asibiti a ce jini ya yi ƙasa, a nemo mai bayarwa. Idon yaron ya yi ɗorawa, leɓensa ya bushe, yana tambayar uwarsa yaushe zai daina. Ita kuwa ba ta da amsa. Bayan sati a sallame su, kuɗin da aka tara na makaranta ya tafi, kuma kowa a gidan ya san za a sake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 masu sikila duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai ta. Ba don in tsorata ku na kawo wannan ba. Soyayyar da take cewa za mu jure komai ba ita za ta ji ciwon ba. Wanda zai ji shi bai zo duniya ba tukuna, kuma ba a yi shawara da shi ba.

Ku kuma 'ya'yana masu SS da kuke karanta wannan, kada ku ji kamar da ku ake. Ba ku yi laifin komai ba, iyayenku ma galibi ba su sani ba. Yau akwai masu sikila likitoci, malamai, 'yan kasuwa, iyayen 'ya'ya. Shan ruwa da yawa, guje wa sanyi da gajiya mai tsanani, maganin rigakafin zazzaɓi, folik asid, allurar rigakafi, da maganin hydroxyurea in likita ya ga ya dace, duk suna rage yawan tashin ciwon. Mai SS in ya auri mai AA, 'ya'yansu duka AS za su zama, babu mai sikila a ciki. Don haka duk wanda ya ce mai sikila ba ta auruwa, bai san abin da yake faɗa ba. Kalmomin nan da ake jifan su da su, wai ba sa daɗewa, wai asarar kuɗi ne, sun fi ciwon ƙashin zafi a wurin wasunsu. Kada a ji su a bakinku.

Akwai kuma harafin C, wanda ake yawan mantawa da shi. Shi ma a tubali na shidan nan ya sauya, ta wata fuskar daban, kuma ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, ana kuma samunsa sosai a ƙasar Yarbawa. 'Ya'yanmu na zangon Kumasi da Tamale su kula da wannan musamman. Mai AC lafiyarsa ƙalau, amma in ya haɗu da mai AS ana iya haifar SC, wanda shi ma nau'in sikila ne, ko da yake sau da yawa ya fi SS sauƙi.

Yanzu maganar lokaci, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da gwajin jinotayif, wato na haruffan nan AA, AS da sauransu. Abu ne mai kyau. Amma doka tana tare ku ne a bakin ƙofa, bayan an yi shekara biyu ana zance, an kai kuɗin na-gani-ina-so, an yi baiko, an fara haɗa lefe, iyaye sun zama surukai tun kafin a shafa fatiha. A wannan gaɓar, wa yake da ƙarfin zuciyar da zai ce a fasa? A nan ne ake samun mai zuwa ya roƙi a sauya masa sakamako, da mai aron takardar abokinsa, da mai cewa a bar wa Allah. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gwajin da aka yi ana aji uku na sakandare, babu kowa a zuciya, labari ne kawai mutum ya samu game da kansa. Gwajin da aka yi saura wata ɗaya biki kuwa hukunci ne. In ka san naka tun da wuri, tambayar ba ta da nauyi a makonnin farko na haɗuwa, in aka ga ba a dace ba a rabu da mutunci, ba wanda ya yi asarar shekarunsa.

Maganar a bar wa Allah kuwa, ai komai a hannunsa yake. Amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali yana tafiya ne tare da ɗaure raƙumi. Wanda ya halicci bambancin shi ya ba da ilimin gane shi.

In za ku yi gwajin, ku yi na gaske. Akwai wanda ake ɗiga jini a gilashi a duba ko zai lanƙwashe. Wannan yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambance AS da SS, kuma ba ya ganin C sam. Wanda ake so shi ne ilektiroforesis. Ana ɗiga jinin a kan wata 'yar takarda ta musamman, a sa mata lantarki, sai kowane nau'in himoglobin ya yi tafiyarsa gwargwadon saurinsa: A ya yi nisa, S ya tsaya a tsakiya, C ya rage a baya. Mai AA layi ɗaya za a gani, mai AS layi biyu. Kuskure yana faruwa, musamman inda kayan aiki suka tsufa, don haka ku maimaita a wani wurin daban da aka yarda da shi. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku, domin jinin da aka ƙara masa zai iya ɓoye nasa. Kuma in sakamakon yaro ya saɓa da na iyayensa, a sake gwada kowa da kowa kafin wani ya buɗe baki ya yi zargi.

Wannan ya kawo ni ga rukunin jini, wanda mutane suke cakuɗa shi da jinotayif. Ka tambayi yaro jinotayif ɗinsa ya ce maka O ne. Abu biyu ne daban, ƙwayoyin gadonsu ma ba a kuromosom ɗaya suke ba. Rukunin A, B da O, Karl Landsteiner ne ya gano su a Vienna a 1901, aka ƙara AB shekara guda bayan haka, kuma shi ne misalin polimofizim da aka fi sani a jikin ɗan Adam. Babu rukunin da ya fi wani daraja. Abin da nake son ku sani shi ne O yakan ɓuya. Uba mai A da uwa mai B suna iya haifar ɗa mai A, ko B, ko AB, ko O, duk halas ɗinsu. An sha ɓata wa matan kirki suna a kan rashin sanin wannan.

Alamar da take biye da harafin, wato fositif ko negetif, ita ce ta Rhesus. Masu negetif kaɗan ne a cikinmu, wajen kashi 5 cikin 100. 'Yata, in kina cikinsu kuma mijinki fositif ne, ba abin fasa aure ba ne. Sai dai in jaririn ya gaji na ubansa, jininki zai iya ɗaukar nasa a matsayin baƙo ya shirya yaƙarsa, ɗan fari ya tsira, na bayansa su riƙa zuwa da shawara mai tsanani ko su mutu a ciki. Irin wannan ne a da ake cewa wabi, a dangana shi ga iska ko maita, a yi ta zargin kishiya. Allura ɗaya ce, anti-D, da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, take hana wannan. Ki faɗa wa ma'aikatan awo tun zuwan farko.

Saura ɗaya da ba a cika maganarsa ba, alhali yana da yawa a cikinmu: ƙarancin sinadarin G6PD. Ta wajen uwa ɗa namiji yake gadonsa, shi ya sa ya fi bayyana a maza, kuma shi ma sauro ne ya yawaita shi, domin yana ba da 'yar kariya. Mai shi lafiya lau yake har sai ya haɗu da abin da jininsa ba ya so, kamar maganin firimakwin, ko kafur ɗin nan da iyaye mata suke zubawa a akwatin kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyaso. A sa wa jariri rigar da ta sha kafur, kwana biyu idonsa ya yi ɗorawa, jininsa ya fara fashewa. In shawarar ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da nakasa har abada. Ku raba kayan jariri da kafur, kuma jaririn da idonsa ya sauya a kai shi asibiti ran nan, kada a tsaya shanya shi a hantsi ana ba shi jiƙo.

Ba duk bambancin ne yake zuwa da barazana ba. Fulani makiyaya da yawa suna shan madara ɗanya har tsufa cikinsu bai ce komai ba, wani kuwa kofi ɗaya ya sha sai ciki ya ɗauki ƙugi, sai dai ya sha nono ko kindirmo da ya riga ya yi tsami. Wannan ma gado ne, dubban shekaru na zama da shanu suka yawaita shi. Haka kusan duk mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama a jikin ƙwayar jininsu da ake kira Duffy, rashinta kuwa ya kare su daga wani nau'in zazzaɓin sauro da ya addabi Indiya.

Game da auren zumunci, ba zan ce ku guje shi ba, ya haɗa gidaje da yawa kuma ya yi albarka. Amma 'yan'uwa sun fi kusa da ɗaukar harafi iri ɗaya daga kaka ɗaya, don haka su suka fi kowa buƙatar gwaji. In Baba ya ce ga 'yar ƙaninsa, kada ka yi musu, kada ka ɗaga murya. Ka ce, Baba, na ji na kuma gode, ina roƙon a ba mu izini mu je a duba jininmu tukuna, don jikokinka. Dattawa kaɗan ne za su ƙi wannan in an zo musu da ladabi.

Ɗana, 'yata, in har yau ba ku san naku ba, ku je cikin watan nan, tun babu wanda kuke jin tsoron rasawa. Ku nemi jinotayif da rukunin jini a tare, ku maimaita a wuri na biyu, ku adana takardar inda kuke ajiye ta haihuwa. Sannan ku kama hannun ƙannenku ku kai su.